Da Kayan Jego a Baya Zuwa Togo

Tun da na dawo daga Togo ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a fadarmu ta Illela, kafin a sauke na fari, sai wani ya ce, "Mushe Idi, wai da gaske na can ba su cin gero?" Wani ya ce in faɗi tsawon teku. Na ba da labarin nan har ya fara canza kama a bakin mutane, don jiya na ji ana cewa wai jandarmomi sun tsare ni da buhun hodar iblis. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi yadda ya faru, kowa ya karanta ya bar ni in sha shayina.

Ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, shi ya sa ake ce mini Mushe, labarin ƙasa nake koyarwa. Na yi shekaru ina zana wa yara duwatsu da teku a allo, alhali ban taɓa wuce Yamai ba. Sha'awar ta shige ni ne a tashar Ƙonni, ranar da na ga wasu anasara biyu zaune a ƙasa suna cin burodi da kifin gwangwani, kowanne da jaka a baya ta fi kansa tsawo. Na tambaye su ina za su, suka ce ba inda za su, ƙasa kawai suke zagayawa. Ba fatauci, ba ziyara, ba neman magani. Na koma gida maganar tana cina.

Na zaɓi Togo don ƙarama ce, siririya, cikin mako uku mutum ya sauko ta daga arewa har bakin teku. Kuɗinmu ɗaya, faransancinmu ɗaya, katin shaida ya isa. Ga kuma ƙanwata Balki tana aure a can kudu, a garin Palime, wajen Fuseni, wani Bakotokoli, ɗan wata ƙabila ta can, da ya daɗe yana zuwa sayen albasa a garinmu Tsarnawa. Na kafa taswira a bangon ɗakina, na ja jan zare daga gari zuwa gari. Na sayi jaka irin ta anasaran wajen 'yan gwanjo. Na kuma kafa wa kaina doka biyu: ba zan sauka gidan kowa ba, ba zan ɗauki saƙon kowa ba. Riga uku, 'yar buta, sallaya da tocila, shi ke nan.

Mutane kuwa sun kasa gane abin. Mai shagon ƙofar lakwal ya ce, "Mi za ka sawowa?" Na ce ba komai. Ya sassauta murya ya ce, "To wa yar rasu?" Na ce kowa lafiya lau. Ya dube ni da tausayi, ranar bai karɓi kuɗin sukari ba.

Ana dab da ba da babban hutu wani direban albasa ya kawo labari Balki ta sauka lafiya, an sami ɗiya mace. Haihuwar fari ce, wadda a al'ada gida ake zuwa a yi, nisa ya hana. Inna ce ya kamata ta je ta zauna mata wanka, to gwiwa ta kayar da ita, ko masai sai da sanda. Gwaggonmu kuma ruwa ya sauka, tana gona.

Na je Tsarnawa yin sallama, na ajiye jakata na tafi la'asar. Da na dawo na tarar da tocilata da butata zube a tabarma, jakar kuwa tana tsaye ita kaɗai, ta cika ta yi tumbi. Gero ne a ƙasa, sai kanwa, daddawa, kuka, gwangwanin yajin jego, kwalbar man shanu, turmin atamfa, majanyi da 'yar hular jariri. Rigunana uku an cusa su a gefe don kada kwalba ta fashe.

Na ce, "Inna, mi na wannan?"

Ta ce, "Kayan ƙanwarka na. Tunda Allah ya yi ka da ƙahwar yawo, ta yi muna amfani."

Na fara yi mata bayanin dokata, ta ɗaga mini hannu. Muryarta ta canza. Ta ce, "Idi, ɗiyata ta haihu cikin dangin miji, ba uwa ba gwaggo. In tag gama wanka ba a ga ko ƙullin kanwa daga gidansu ba, hal ta tsufa cikin matan gidan nan sunanta wadda ba ta da kowa. Ka isa kahin arba'in. Shi kaɗai nika roƙo."

Na yi mata alkawari. Na koma na dubi taswirata, na lissafa daga ranar da direba ya kawo labari, na ga ko na bi zarena gari-gari zan isa Palime da sauran lokaci. Don haka ban taɓa zaren ba.

Daga Ƙonni babbar mota ta kai ni Doso, daga Doso ƙarama ta kai ni Gaya. Anasaran nan da na gani suna tafiya a miƙe da jakunkunansu, ni kuwa duƙe nake tafiya, mai ɗora kaya a tasha ma sai da ya tambaye ni ko siminti na ɗauko daga Malbaza. Na haye gadar kogi da ƙafa zuwa Malanbil, ƙasar Benin, wadda dole sai an ratsa ta. A teburin iyaka jami'i ya tambaye ni dalilin tafiya, na gyara murya na ce yawon buɗe ido. Ya ce in buɗe jaka. Ya ga gero, ya dube ni. Ya ga daddawa, ya ja da baya. Ya ɗaga dunƙulen kanwa yana juyawa, na ce ya ɗanɗana, ya ƙi. Sai ya buɗe gwangwanin yaji ya kai hancinsa ciki tun ban hana shi ba. Yajin Inna kuwa ba na wasa ba ne. Bawan Allah ya yi ta atishawa har hularsa ta faɗi, abokin aikinsa na dariya yana dukan tebur, yana cewa tun da yake aiki bai taɓa ganin ɗan yawon buɗe ido da ya zo da geronsa ba. Suka buga mini hatimi suka ce in yi nisa da su. Wannan ita ce hodar da ake ta faɗa a Illela.

Benin ban zauna ba. Abin da na riƙe daga can shi ne doya, an jibge ta a bakin hanya yadda muke jibge itace, da wani cuku mai laushi na Fulaninsu da ake soyawa a jefa a miya. Daga Faraku na karya yamma zuwa Jugu, na shiga Togo na sauka a Kara, na kama ɗakin haya kamar yadda na tsara. Na rufe ƙofa ina jin kaina cikakken matafiyi. Da na kwance jaka sai na tarar rana ta narka man shanu a saman mota, murfi ya saki, rigunana uku sun sha sun ƙoshi. Na wanke har sabulu ya ƙare, a banza. Daga ranar duk motar da na shiga sai na ga na kusa da ni yana shaƙar iska yana waige, kyanwar masaukin kuwa ba ta rabu da ƙofata ba har na bar garin.

Abinci tuwon masara ne da miyar ganye mai yauƙi da busasshen kifi, da daɗi, sai dai awa guda ka ji cikinka wayam. Nama kuwa sai da tambaya. Wata mai abinci da ta ga hulata, tun ban buɗe baki ba ta rufe tukunya guda ta nuna mini ta biyun, na ji daɗin wannan ƙwarai. Matansu su ne kasuwa, su ne gona, ga su a kan babur da goyo a baya suna yi wa maza oda. Gaisuwarsu ma ta burge ni. Mu muna tambayar gida da gajiya da sanyi ɗaya bayan ɗaya, su kuwa sai su rusuna su yi ta amsa wa juna da 'yar murya a maƙogwaro, ba kalma, har sai ɗaya ya gaji.

Daga Kara na yi arewa zuwa ƙasar Tambarma, inda na daɗe ina son gani. Gidajensu na ƙasa ne, hawa biyu, kai ka ce rumbunanmu ne aka haɗa wuri guda aka yi musu ƙofa. Dabbobi a ƙasa, mutane a sama, ɗakin kwana kuma ta wani ƙaramin rami ake shiga, da baya da baya. Na gwada na maƙale a kafaɗa, sai da mai gidan ya ja ni ta ƙafa. A hanyar zuwa ruwa ya yi mana dukan tsiya ni da mai babur ɗin da ya kai ni, geron Inna ya jiƙe sharkaf. Matar gidan ta ba ni wuri a soron sama na shanya, na yini da tsumagiya ina korar kaji. Ina cikin fitar da sauran kaya su sha iska ta ga majanyi da 'yar hular nan. Ta yi tambaya, mai babur ya fassara, na ce ƙanwata ce ta haihu a Palime. Ta dubi kayan, ta dube ni, ta bugi cinyarta ta yi magana mai tsawo tana nuna kudu. Mai babur ya sosa ƙeya ya ce, "Ta ce kai wane irin wa ne." Na yi dariya na ce ya gaya mata na yi lissafi. Har na ƙara kwana a masaukin baƙi na yankinsu.

A Sokode dokata ta farko ta karye. Garin Musulmi ne, kiran salla ta ko'ina, a zango kuwa Hausa ake yi, irin tasu wadda mace da namiji duk "shi" ne. Na zauna cin shinkafa da wake a rumfar wata Hajiya Dije, tana jin harshena ta ce kakanta daga ƙasar Illela ya zo fataucin goro bai koma ba, kuma in na sake na kwana a ɗakin haya a garin nan ba ta yafe ba. Na sauka a zaurenta.

Lokacin wayar salula ba ta yi yawa ba, amma Fuseni ya saya. Na shiga shagon buga waya na kira shi don ya san na shigo ƙasa. Ya yi murna, sannan ya ce da irin Hausar nan tasu, "Kuna ina? Jumma'ar nan Balki zai gama wanka fa."

Na ce wace Jumma'a, ai da saura. Ya gaya mini ranar haihuwar. Ashe direban nan sai da ya tsaya gyaran mota ya sauke kaya nan da can kafin ya iso Tsarnawa, labarin ya tsufa a hanya, ni kuwa na ɗauke shi sabo. Ranar Talata muke wannan magana.

Fuseni ya ce, "Ba ya cin abinci sosai. Mota ya tsaya a ƙofa sai ya leƙa. Ya gaya wa mamana matan gidanku suna hanya, har an share musu ɗaki. Ku nawa ne?"

Na ce, "Ni kaɗai ne."

Ya ce, "Yaya, ni dai ban ji ba. Ka zo ka faɗa da bakinka."

Na fito daga shagon. Balki ce autarmu, ni na goya ta, ni na kai ta lakwal ranar fari tana riƙe da wandona. Ina can ina maƙalewa a ramin ɗakin mutane, ita tana nan tana leƙen ƙofa.

Hajiya Dije ba ta yi mini faɗa ba, aiki ta kama. Ta sake soya abin da ya rage na man shanu da albasa, ta zuba a sabuwar kwalba. Ta wanke gefen atamfar da mai ya taɓa ta goge. Geron ya ɗan fara wari, ta ce a zubar a sayi wani, na ce na gonar babanmu ne, ko tsiro ya yi shi zan kai. Ta dube ni ta ce to, ta sa aka bushe shi aka sheƙe. Ta ba ni sabuwar ƙwarya babba da faifai, ta ce kayan jego ba a zaro su daga buhu kamar kayan sata. Da zan tafi ta ce, "To wa zai buɗe kayan? Aikin mata ne." Na ce Allah zai kawo dabara. Ta yi dariya har da hawaye.

Duk wuraren da na ja wa zare tsakanin Sokode da Palime, ta tagar mota na gaishe su. Atakpame gari ne a kan duwatsu, na so in kwana, ruwa kawai na sha na canza mota. Daga nan hanya ta lalace. An cusa mu mutum kan mutum a wata tsohuwar tasi, ƙwaryar Hajiya a kan cinyata ina kare ta da hannu biyu. Taya ta fashe, aka gyara, muka kafe a laka, muka fito muka tura cikin ruwa, dare ya yi mana a wani ƙauye muka kwana a can. Ƙasar kuwa kore ce shar, itatuwa sai ka ɗaga kai hula ta faɗi, ayaba a bakin hanya ba mai gadi. A ƙauyen na ci sakwara, wadda ba a taunawa, haɗiyewa ake yi. Na tauna, yaran gidan da iyayensu suka taru suna kallona.

Ranar Alhamis bayan la'asar na isa zangon Palime. Fuseni ya tarye ni a tasha, ya so ya karɓi jakar na hana shi. Muna shiga gidan na ga abin da ya sa ya ce bai ji ba a waya. An share tsakar gida, an shimfiɗa tabarmi sababbi, tukwane a jere a kan murhu. Matan gidan da na maƙwabta sun ci ado sun zauna gefe guda, tabarmar baƙi tana fuskantarsu, babu kowa a kanta. Na yi sallama suka amsa, amma ba ni suke kallo ba, bayana suke kallo.

Balki ta fito ƙofar ɗaki da jaririya a kafaɗa, ta rame, ta ɗaura zanenta mafi kyau. Ta dube ni, ta dubi bayana sau ɗaya, ta sunkuyar da kai. Ban taɓa jin tausayinta kamar na wannan lokaci ba.

Mahaifiyar Fuseni, dattijuwa mai jiki da murya, ta ce, "Sannu da zuwa, ɗana. Ina mata? Sun tsaya tasha ne?"

Fuseni ya nuna mini bencin da maza suke zaune a bakin zaure. Na dubi bencin, na dubi tabarmar. Na ce, "Iya, ba wanda yat tsaya tasha. Inna gwiwa ta kashe ta zaune, Gwaggo tana gona. Matan gidanmu, ni na."

Na tuɓe takalmi, na wuce bencin maza, na zauna a tsakiyar tabarmar mata na miƙe ƙafafu yadda Inna take yi. Na ajiye ƙwarya a gabana na kwance jaka. Na sha ganin yadda ake wannan abu tun ina ƙarami, ban san na haddace ba sai da na buɗe baki. Na ce Inna ta ce a gaishe ku, ta ce a yi muku barka, ta ce Allah ya raya, ta ce ba yawa, a yi haƙuri da mu. Na ɗaga kowane abu sama kowa ya gani kafin in sa a ƙwarya. Ga kanwa ta kunu. Ga yaji, Inna ta daka shi a zaune da hannunta, kada wanda ya kai hanci. Ga man shanu, rabinsa yana jikin rigar nan tawa, in ana so sai a matse. Ga gero na gonar uban Balki, ya sha ruwan ƙasa uku bai canza hali ba.

Da fari dariya suke ƙunshewa a bakin zane. Da na kai kan atamfa sai na ji sun fara amsawa, "Madalla, madalla, an gode," yadda ake amsa wa baƙi na gaske. Na ɗora majanyi da hula a sama na rufe da faifai. Saura abu guda. A gida in an gama buɗe kaya sai wata daga dangin mai jego ta yi guɗa, ni kuwa ba ni da wata. Na ce a raina an riga an jiƙe. Na kama hancina na sake ta.

Abin da ya fito ba guɗa ba ne, ya fi kama da kukan zakaran da mura ta kama. Gidan ya kife da dariya, har mazan benci. Wata tsohuwa Bahausa maƙwabciyarsu ta ce, "Rufa mana asiri, ɗan nan," ta tashi ta rangaɗa ta gaske, mai tsawo, har ana leƙowa ta katanga. Na dubi Balki. Tana dariya, hawaye na zuba a kan jaririyar, kanta a ɗage.

Mahaifiyar Fuseni ta tashi ta ɗauki ƙwaryar da kanta ta kai gaban Balki ta ajiye. Ta ce mata da ƙarfi, da irin Hausarsu, don kowa ya ji, "Ashe kana da mutane. Ni na haihu bakwai, ba wanda ya taɓa goyo mini gero a baya daga wani ƙasa." Sannan ta ce a kai Gwaggo Idi masaukinsa. Ni kaɗai na kwana a ɗakin da aka share wa mata, aka jere mini abincinsu duka, kuma sunan nan ya bi ni har na bar garin.

Da safe aka yi wankan ƙarshe, aka dama kunun kanwa da geron gida. Balki ta shanye ƙoƙo guda ba ta sauke ba, ta nemi ƙari. Da muka keɓe ta ce, "Yaya, kullum sai in ce musu suna hanya, suna hanya, hal na fara jin kunyar bakina." Na ce ai kuwa suna hanya, tsayawa kallon gidajen mutane suka yi. Ta jefe ni da ludayi.

Na yi 'yan kwanaki a wurinsu, na sauka Lome na ga tekun. Ruwa ne, da yawa ƙwarai, ba ya zama wuri guda, kuma wanda nake zanawa a allo bai yi kama da shi ba ko kaɗan. Na biyo motar albasa da ta sauke kaya na dawo, jaka ba nauyi, ina tafiya a miƙe.

Tsarabar Inna kuwa Balki ce ta haɗa ta. Ranar da zan bar Palime ta cire 'yar rigar da ke jikin jaririyar, ta hana a wanke, ta ƙulle ta a leda biyu ta ce in kai haka nan. Na isa Tsarnawa da hantsi na tarar da Inna a inuwar ɗaki, ƙafa a miƙe. Ba ta tambaye ni hanya ba. Ta ce, "Ka isa?" Na ce na isa, ana gobe. Ta ce, "An buɗe gaban mutane?" Na ce an buɗe, an yi guɗa. Ta ce, "Ta sha kunun?" Na ce har da ƙari.

Na miƙa mata ledar. Ta kwance a hankali, ta ga abin da ke ciki, ta kai hancinta ta rufe ido. Ta daɗe a haka. Sannan ta shimfiɗa 'yar rigar a kan cinyarta ta gyara mata hannuwa, ba ta dube ni ba ta ce, "Idi, tashi ka ba mu wuri. Ina da baƙuwa."